Waƙar da mai ita ya ce a ɗauka

Usman Edita:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana cina, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masu situdiyo da 'yan rediyo da lauya a cikinmu.

Kun san sana'ata haɗa bidiyo ce a nan Kaduna. Watan jiya wata ƙungiya ta ba ni aikin gajeren fim a kan matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli, minti 9. Na gama yanka hotuna tsaf, sai kiɗan da zan shimfiɗa a ƙarƙashi ya gagara. Wanda na fara sawa, ana ɗora bidiyon aka kashe masa sauti, aka ce kiɗan yana da mai shi. Gaskiya ne kuwa, yana da mai shi, ban kuma nemi izini ba.

Wani dare aka kawo wuta wajen ƙarfe ɗaya, na sayi datar dare na shiga nema. Neman ya kai ni Internet Archive, rumbun nan na San Francisco da Brewster Kahle ya kafa a 1996. A da na ɗauka tsofaffin littattafai kawai ake ajiyewa a can. Ashe akwai sashe guda mai suna Netlabels. Ƙananan kamfanonin waƙa ne da ba su da shago, ba su buga faifai. Mutum ɗaya ko biyu ne ke zaɓe cikin waƙoƙin da aka aiko musu, su haɗa kundi, su yi masa bango, su ba shi lamba, su ɗora kowa ya sauke kyauta.

Na farko da na buɗe Dusted Wax Kingdom ne, na garin Varna a Bulgeriya. Kiɗa mai sanyi, ganga tana tafiya a hankali, ga ƙaho da fiyano irin na jaz, a can ƙasa kuma kana jin ƙas-ƙas irin na tsohon faifan garmaho. Na sa abin kunne na kishingiɗa a kujerar aiki, ban farga ba sai kiran assalatu. Ban san sunan mawaƙi ko ɗaya ba, babu wanda ya tallata mini su, kuma sun fi mini abubuwa da yawa da nake ji a rediyo.

Kashegari na faɗa ccMixter. Can kuma wata duniya ce. Mace za ta ɗora muryarta zalla ba kiɗa, wani a wata ƙasa ya ɗora jita, wani ya ɗauki biyun ya haɗa sabuwar waƙa. A gefen kowace waƙa an rubuta daga ina aka samo kowane gutsure, da kuma su wa suka sake ɗauka daga gare ta. Kana bin abin kamar kana bin salsalar gida.

Abin da ya tsaya mini shi ne, na rubuta kalangu, na rubuta gurmi, na rubuta kukuma, ban samu abin kirki ba. Me ya sa? Kuma shin mu ma ya kamata mu zuba namu?

Sani Furodusa:
Wa alaikumus salam. Usman ƙanena, ban raina abin da ka gano ba, amma kalmar nan "kyauta" ciwo take mini. Shekara 14 ina situdiyo a Kano. Waƙa tana fita da safe, kafin la'asar tana cikin memorin kowa a wajen 'yan dawunlodin, a tura maka ɗari a kan kuɗin da bai sayi litar fetur ba. Wanda ya rubuta, wanda ya buga fiyano, yarinyar da ta yi amshi, ko sisi. Ni na sayi man janareta, ni na biya hayar shago. Kyautar da kake murna da ita mun daɗe muna yin ta, ba da son ranmu ba.

Waɗancan na Turai da ke zuba waƙa a intanet suna da albashi, da rana suna ofis, da dare su yi kiɗa don nishaɗi. Mu kiɗan ne tuwon.

Usman Edita:
Yaya Sani, na ji ka, wallahi na san halin da kuke ciki. Amma ina ganin abu biyu ne. Ɗan dawunlodin ɗauka ya yi ba a ba shi ba. Waɗannan kuwa mai abin ne da kansa ya ce ga shi, ga kuma sharaɗina.

Sani Furodusa:
Sharaɗin da babu mai karantawa.

Barista Hadiza:
Barkanku da yamma. Bari in shigo a kan sharaɗin, don a nan mutane ke yin tuntuɓe.

Yawancin waƙoƙin da Usman ke magana a kai suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne. Ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 2001, Farfesa Lawrence Lessig yana cikin waɗanda suka kafa ta, lasisinta na farko ya fito a Disambar 2002. Mai waƙa bai saki haƙƙinsa ba, izini ne ya rubuta tun kafin a tambaye shi. Idan ka ga BY, ka yi amfani amma ka ambaci sunansa. Idan an ƙara NC, ban da neman kuɗi da ita. SA na nufin duk abin da ka haɗa da ita, kai ma ka sake shi da irin wannan lasisin. CC0 kuwa mai abin ya yafe duk abin da doka ta yarda ya yafe.

Wanda ya fi kama masu bidiyo shi ne ND, wato kada a sauya. Mutum sai ya ce ai ban taɓa waƙar ba, shimfiɗa ta kawai na yi a ƙarƙashin hoto. To lasisin ya faɗa ƙarara cewa daidaita kiɗa da hoto mai motsi sauyi ne. Ka saurara, ka tura wa aboki, amma kada ka sa a fim ka yaɗa sai ka nemi izini daban.

Usman, koma ka duba alamar da ke kan kundin da ka sauke. Kuma tunda biyanka aka yi, ni a shawarce ka guji NC ma, ko da ƙungiyar ba ta neman riba. Iyakar abin da ake kira kasuwanci ba a fili take ba koyaushe. Ka nemi BY ko CC0, ko ka rubuta wa mai waƙar. Sau da yawa adireshin imel ɗinsa yana nan a shafin. Ranar da ka sauke kuma ka ɗauki hoton shafin da lasisin yake, ka adana tare da fayil ɗin.

Usman Edita:
Anti Barista, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, kundin da na fi so ɗin nan akwai NC da ND duka. Allah ya sa ba shi na sa a fim ɗin ba. Wanda na sa daga Free Music Archive na samo, BY ne kawai, na kuma rubuta sunan mai shi da sunan waƙar da lasisin a ƙarshen fim. Matan ƙuli-ƙulin sun kalla a wayata, ɗaya ta ce kiɗan ya dace da juyin ludayi.

Maryam ta Zariya:
Ina wuni manya. Ni ɗalibar kwamfuta ce, shekara uku ke nan ina sauraron waɗannan kundaye, don haka na ji daɗin maganar nan sosai.

Yaya Sani, wani ɓangare na maganarka haka yake, amma asalin abin ba daga masu albashi ya fito ba, daga yara ne masu kwamfutar gida. A ƙarshen shekarun 1980 masu kwamfutar Amiga suna haɗa kiɗa da wata manhaja da ake jera sauti a layi-layi kamar jadawali. Fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, don gutsattsarin sauti ne da umarnin yadda za a buga su, shi ya sa yake iya bin layin tarho na wancan zamani. Abin da ya fi burge ni, duk wanda ya karɓi waƙar yana iya buɗe ta ya ga yadda aka gina ta, ya ciri gangar ya yi tasa. Daga nan ƙungiyoyi irin su Kosmic Free Music Foundation suka taso a shekarun 1990, sai Monotonik a 1996. Da MP3 ta yaɗu suka koma kanta.

ccMixter kuma a 2004 aka buɗe shi, lokacin da mujallar Wired ta fitar da faifai ɗauke da waƙoƙin manyan mawaƙa da suka yarda a yanka a haɗa, ciki har da Gilberto Gil, wanda a lokacin shi ne ministan al'adun Burazil. Har gasar rimis an taɓa yi a can da waƙar Vieux Farka Touré na Mali.

Ga masu tsoron data: waƙar minti 4 a MP3 mai ingancin 128 ba ta wuce megabait 4 ba, amma irinta a FLAC, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, tana iya haura 25. A Internet Archive akan ba ka zaɓi, ka duba kafin ka danna. Kuma abin da ka so ka sauke ka ajiye. Free Music Archive, wanda gidan rediyon WFMU na New Jersey ya buɗe a 2009, ya kusa rufewa a 2018 kafin wasu su karɓe shi. Internet Archive ma ya yi kwanaki a rufe a Oktoban 2024 bayan harin masu kutse.

Kabiru Mai Shayi:
Ni fa na gwada bayan na ga rubutun Usman. Na sauke kundi guda, minti 40, babu komai sai gunji kamar injin niƙa daga nesa. Data ta tafi. A gaya wa mutane gaskiya, ba duka ne ke da daɗi ba.

Maryam ta Zariya:
Gaskiyarka Malam Kabiru, kuma irin wannan suna da yawa, wani salo ne da ke da masoyansa. Kada ka bi ta bincike barkatai. Amfanin waɗannan ƙananan kamfanoni shi ne kunnen mai zaɓe. In ka sami wanda kunnensa ya zo daidai da naka, sai ka bi lambobin kundayensa ɗaya bayan ɗaya. Gwada blocSonic, suna da jerin kundaye da suke tsinto waƙoƙi daga wurare daban-daban, akwai hip-hop da masu rerawa. Kuma ka fara saurara a shafin, minti ɗaya ya isa ka gane, kafin ka sauke.

Baffa Mai Rediyo:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, a hankali, don idon ya yi rauni. Shekara 31 na yi a gidan rediyo kafin in yi ritaya, kuma mafi yawansu a ɗakin faya-fayai.

Sani, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sayar da kwafin waƙa baƙon abu ne a wurinmu, da garmaho da kaset ya zo. Makaɗin Hausa bai taɓa rayuwa da kuɗin kwafi ba. Makaɗan fada masu taushi da kotso sarki ke riƙe da su, ya ba su doki da riga da hatsi. Mai kalangu yana tare da mahauta, mai gangar noma yana bakin gona ranar gayya. Waƙa tana fita kowa ya ji, 'yan mata su ɗauka a dandali, yara su canza mata baiti. Yawan yaɗuwarta shi ke ɗaga darajar mai ita, ranar biki kuma a yi masa liƙi. Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, motocin da ya samu ai ba daga cinikin kaset suka fito ba, kyautar mutanen da ya wasa ce.

Amma akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi, shi ne suna. Kowa ya san waƙar wane ce. Makaɗi zai ambaci ubangidansa a kiɗa, ya ambaci wanda ya koya masa. Da na ji bayanin Hadiza a kan BY, sai na ce ai wannan tarbiyyar gidanmu ce aka rubuta da Turanci.

Abin da ya lalace a zamanin memori shi ne sunan ya ɓace. Jikana ya kawo mini waya cike da waƙoƙi, rabinsu an rubuta "Track 07", wasu kuma sunan mai shagon da ya tura ne a kai, har da lambar wayarsa a cikin waƙar. Wannan ne zaluncin da ya fi ci mini rai.

Sani Furodusa:
Allah ya ƙara girma Baffa. Ban musa ba. Sai dai sarakunan da ke ba da doki sun yi ƙaranci, mai fiyano a situdiyo kuma ba ya zuwa filin biki balle a yi masa liƙi. Mawaƙi ne ake gani.

Ɗan Tawa:
Sannunku da hira, daga nan Nijar. Baffa ya taɓo wurin da ni ke so in yi magana.

Kun san Mdou Moctar, mai jita ɗan yankinmu na Tawa, wajen Abalak. Kundinshi na farko a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba a buga shi a faifai ba a lokacin. Ta salula ya yaɗu, daga wannan memori zuwa wancan ta Bluetooth, direbobi da matafiya sunka kai shi har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin waƙa na Sahel Sounds, ya tarar da waƙar cikin wayoyin mutane, ya sa ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones wanda ya fito a faifai a 2011. Sai da ya sha nema kafin ya gano masu waƙoƙin, don da yawa babu suna a kansu. Yau Mdou shina zagaya duniya da jitarshi.

To ku duba. Da waƙar ba ta yi yawo kyauta ba, da ba ta kai kunnen da ta kai ba. Da kuma ba a gano sunanshi ba, da yawon bai amfane shi da komi ba. Nawa ne irinshi da waƙarsu ta yi yawo sunansu ya tsaya a hanya? Ni abin da na gani ga wanga tsari na Usman shi ne sunan yana manne da waƙar, duk inda ta je.

Sani Furodusa:
Mutum ɗaya ke nan cikin dubu nawa? Bari in ba ku nawa misalin. A 2008 ƙungiyar Nine Inch Nails ta saki kundi mai kiɗa 36 da lasisin Creative Commons, duniya ta yi ta yabo. Amma a lokaci guda sun buga na musamman guda 2,500, kowane a dala 300, kuma suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Wanda yake da masoya irin waɗannan ai kyauta ba ta rage shi da komai. Ni wa zai ba ni dala 300?

Maryam ta Zariya:
Yaya Sani, labarin bai ƙare a nan ba. Bayan kimanin shekara goma wani matashi ɗan Holan ya yanki gutsure daga ɗaya cikin kiɗan kundin nan ya haɗa bit, Lil Nas X ya saya a dala 30, ya yi Old Town Road a kai. Waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. Lasisin kundin yana da NC, bai ba kowa damar kasuwanci da shi ba, don haka sai da aka koma wurin masu shi aka daidaita, aka sa sunan Trent Reznor da Atticus Ross na Nine Inch Nails cikin marubutan waƙar. Sakin da suka yi bai hana su haƙƙinsu ba ranar da kuɗi ya shigo.

Akwai kuma Jamendo na Luksambog, tun 2005. Saurare kyauta ne, amma mai shago ko mai talla da ke son kiɗan sai ya sayi lasisi, a raba da mawaƙin. A Bandcamp kuma mawaƙi yana iya cewa ka biya abin da ka ga dama, ko da sifiri ne. Wannan ai liƙin da Baffa ya faɗa ne.

Sani Furodusa:
Su suna da lauyoyin da za su bi musu. Kuma kuɗin Bandcamp ɗin, ta wace hanya zai iso asusuna a Kano? Ku tambayi duk wanda ya gwada karɓar kuɗi daga waje ya gaya muku wahalar. Amma na yarda, batun NC ɗin ban san haka yake ba.

Anti Rakiya:
Ni tambayata daban ce. Ina da muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana waƙar niƙa da ta daka, na ɗauka a waya shekara biyu kafin rasuwarta. Da na karanta maganar Usman sai raina ya so in ɗora don kada ta ɓace. Amma in wani ya ɗauki muryar Inna ya sa a ƙarƙashin bidiyon rawar banza fa? Zan iya cewa a cire?

Barista Hadiza:
Allah ya jiƙan Inna, Anti. Amsar ba za ta yi miki daɗi ba, amma gara ki sani tun yanzu. Lasisin nan ba a janye shi. Kina iya sauke fayil ɗin daga shafi, amma wanda ya riga ya karɓa yana nan da izininsa muddin yana bin sharaɗi. Kina da ikon cewa a cire sunanta daga abin da ba ki so, kuma ba a yarda wani ya nuna kamar da amincewarku ya yi ba. Iyakarta ke nan, sai dai ND, wanda ya hana yanka da haɗawa tun farko, ga mai bin doka.

Sannan ba ke kaɗai ke da magana ba, akwai sauran magada. Ni dai da ni ce, zan adana a wuri biyu ko uku, in raba wa dangi, in dakata da ɗorawa har kowa ya fahimta ya yarda.

Tunda an ambaci Shata, kada wani ya ɗauka tsufan waƙa ya mayar da ita ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ku yi lissafi. Ba ka da ikon manna lasisin kyauta a kan abin da ba naka ba, ko da kai ka juyo shi daga kaset.

Anti Rakiya:
Na gode ƙanwata. Zan yi magana da yayyena tukuna.

Usman Edita:
To ga shawarata, a gyara mini in na kauce. Kada mu taɓa waƙar kowa. Mu nemi mai kalangu guda da mai gurmi guda, a biya su kuɗin zama, a yi musu bayani da Hausa abin da ake nufi, in sun yarda a ɗauki gajerun kiɗa zalla. A ɗora a Freesound, rumbun sautin da wata jami'a a Basalona ta buɗe a 2005, da kuma ccMixter, da sunayensu da sunan garinsu. Ni zan ɗauki hoton zaman kyauta. Maryam ta ce mini akwai ranar waɗannan kamfanoni da ake yi duk 14 ga Yuli, muna iya sa ido a kanta.

Baffa Mai Rediyo:
Madalla, amma ku kula da abu ɗaya. Kalangu magana yake yi. Abin da kunnen baƙo zai ji kamar bugu ne kawai, sau da yawa taken wani ne, na sarkin fawa ko na wani ɗan dambe ko na wani gida. Na taɓa sa wani faifai a ƙarƙashin sanarwa a rediyo, kafin a rufe tashar wani dattijo ya iso bakin ƙofa a kan keke, ya ce taken mahaifinsa ne muka sa a tallar maganin ƙwari. Ya yi gaskiya, muka ba shi haƙuri, muka cire.

Don haka ku ce wa makaɗin ya buga abin da ba taken kowa ba. Kowane gutsure kuma a rubuta a ƙarƙashinsa, da Hausa da Turanci, wane kiɗa ne, a wane irin taro ake yin sa, me gangar ke cewa in tana cewa wani abu. Ku bar shi ya ɗaure tsarkiyarsa ya gyara fatar yadda ya saba, kada ku hanzarta shi. Kuma a sa makirfon nesa kaɗan, kalangu ba ya son a matse shi.

Ɗan Tawa:
In kun fara, ni ma ina da abokin da ka buga gurmi nan Tawa. Sai in ɗauko nashi in aiko, in ya yarda.

Sani Furodusa:
Har yanzu ban yarda in saki waƙoƙina ba, kada a yi mini fassara. Amma wannan na ganga zalla zan iya. Akwai wani dattijo mai kalangu da nake kira in ana son kiɗan gargajiya a waƙa, shekara 8 muna aiki, ban taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Maganar Baffa ta sa na tuna da haka.

Sharaɗina biyu. NC za a sa, duk mai son ya yi kuɗi da shi ya dawo ya nemi dattijon. Kuma kuɗin zamansa a hannu kafin ya taɓa ganga, ba alkawari ba. Situdiyo da man janareta na awa biyu ni na ɗauka.

Maryam ta Zariya:
Yaya Sani, in an sa NC ba za a iya ɗora shi a Wikimedia Commons ba, su BY da BY-SA da CC0 suke karɓa, ga shi ina so a ji sautin kalangu a shafinsa na Wikipedia ta Hausa. Ko za a ware gutsure ɗaya na daƙiƙa 20 a sake shi da BY-SA?

Sani Furodusa:
Wannan ba ni zan yanke ba, shi za a tambaya. Barista, ki rubuto mana bayanin a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, yadda zan karanta masa. Ba ya karatun boko, ajami yake yi.

Barista Hadiza:
Zan turo kafin Juma'a in sha Allahu. Baffa, ko za ka taimaka a juya shi zuwa ajami, ya riƙe kwafinsa?

Baffa Mai Rediyo:
Turo mini, amma da manyan baƙaƙe.

Usman Edita:
Na sa dubu biyar cikin kuɗin zaman. Duk mai ƙarawa ya yi mini magana ta gefe. Yaya Sani, Asabar ta sama ta yi? In na kamo motar farko daga Kawo zan iso Kano kafin azahar.

Sani Furodusa:
Asabar yana da biki a Wudil. Bari in kira shi in ji Lahadi.